Mai Kujera Biyu da Dokar da Ya Roƙa

Mijin yayata mai aski ne, amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabansa. A ganinsa aski wani ɗan abu ne da hannunsa ke yi don kada ya zauna banza, ainihin sana'arsa kuwa sanin doka. Bai taɓa leƙa ajin lauyoyi ba, firamare ma da ƙyar ya ga ƙarshenta. Abin da ya kumbura masa kai layi ne guda na jan fenti da ya ratsa tsakiyar daɓen shagonsa.

Garinmu a bakin iyaka yake, jiha biyu suka haɗu a cikinsa. Tamu muna ce mata Nan, ɗayar kuma Tsallake. Kowacce da 'yan sandanta, da kotunta, da kalar kakinta. Babban lambatu ne ya raba su, sai gada ɗaya mai shinge. Amma da masu awon ƙasa suka zo, tun mahaifin mai askin namu na da rai, sai igiyarsu ta bi ta cikin shagon tsohon, ta shiga ta wannan bango ta fita ta wancan. Tsohon ya yi ta baƙin ciki har ya rasu, yana ganin an yaga masa gado. Ɗan kuwa da ya gaji wurin sai ya hango abin da uban bai hango ba. Ya fasa ƙofa ta biyu a baya, ya sayo fenti ya ja layi, ya ajiye kujera ɗaya a Nan, ɗaya a Tsallake. Ta Tsallaken ita ce abin alfaharinsa, tsohuwar kujerar ofis ce mai tayoyi, ko da yatsa ka tura ta sai ta tafi. Tun daga lokacin sunansa ya ɓace, kowa Mai Kujera Biyu yake ce masa. Ni dai mijin Yaya nake cewa. Shi kuma ya ce mini Auta, ko Tela idan na ɓata masa rai, don shagon ɗinkina yana kallon nasa, titi ne kawai tsakaninmu.

A wancan zamanin ɗan sandan Nan ba shi da ikon kama mutum a Tsallake, ko da a gaban idonsa aka yi laifin, na Tsallake ma haka. Sai an rubuta takarda zuwa babban ofis, babban ofis ya rubuta wa takwaransa na waccan jihar, kafin amsa ta dawo mai laifi ya aurar da 'ya'yansa. To duk wanda ya ɓallo ruwa a Nan, ko ya fasa wa maƙwabci kai, ko ya sayar da akuyar da ba tasa ba, ba zai bi ta gada ba saboda shinge. Sai ya faɗo shagon mijin Yaya a guje, ya tsallake jan layi, ya zube a kujera mai tayoyi. Kafin Sajan, ɗan sandanmu na Nan, ya iso yana haki, an riga an yafa wa mutumin ƙyalle a wuya, an fara shafa masa kumfa.

"Sajan, sannu da gudu," mijin Yaya zai ce, ko kai ba ya ɗagowa. "Ka kula da takalminka. Layi layi ne."

Na sha ganin mai sanƙo, kai tal babu gashi ko na magani, ana yi masa aski tun safe har yamma. Matarsa ta shigo ta ƙofar gaba ta miƙa masa kwanon abinci ta saman layi. Dangin wanda aka cuta su jeru a bencin Nan, ana zagi ana sulhu, mijin Yaya a tsakiya da almakashi a hannu yana yanke hukunci. In an daidaita, kowa ya sa hannu a aljihu ya gode masa. In ba a daidaita ba, mutum ya fice ta ƙofar baya ya je ya laɓe wajen dangi har ƙura ta lafa. Na taɓa ce masa wata rana haƙƙin mutane zai kama shi. Ya ce shi gashi yake yankewa, mai ƙorafi ya je ya tuhumi masu awon ƙasa.

Yaya kuwa ba ruwanta da wannan duka. Ita ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma ban taɓa jin muryarta ta wuce zaure ba. Kayan lambu take sayarwa a kasuwa, ta tafi a ƙasa ta dawo a ƙasa da daro a kai, da yamma kuma ta wanke masa ƙyallayen aski ta share shagon. In ya fara yi mata bayanin iko da hurumi, sai ta ce ita dai ƙurar Nan da ta Tsallake tsintsiya ɗaya ke kwashe mata su, ya ɗaga ƙafa ta wuce.

Wata ranar kasuwa tana dawowa, motar haya ta banke ta a kan titinmu na Nan. Direban mutumin Tsallake ne, ana ce masa Ba-Birki, sunan da ya samo tun kafin wannan ranar. Bai tsaya ba. Ya ƙara wuta ya haye gada kafin masu shinge su san abin da ake ciki. Ƙafar Yaya ta dama ta karye tun daga cinya har ƙasan gwiwa. Ni na cicciɓe ta na sa a mota, jininta a zanina.

Mijin Yaya bai biyo mu asibiti ba, ofishin Sajan ya nufa.

"Sajan, ga motarsa can a tashar Tsallake, daga ƙofar nan ina hango ta. Tashi ka kamo mini shi."

Sajan ya cire hula, ya shafa kansa a hankali, kamar mai cin abincin da ya daɗe yana marmari.

"Mai Kujera Biyu, kai da bakinka? Layi layi ne. Za dai mu rubuta takarda."

An rubuta takardar. Ina jin har yau tana kan hanya.

Yaya ta yi watanni a kwance. Ni ke juya ta, ni ke yi mata wanka, ni ke gasa mata ƙafar da ruwan zafi. Da ta tashi, ƙafar ta gajarce, sai da sanda take takawa, daro kuwa ya sauka daga kanta ke nan. Mijinta ba mugu ba ne, kada a yi masa ƙazafi. Magani bai taɓa yankewa ba, kuma ya rame don ɓacin rai. Sai dai ɓacin ran na kansa ne, ba na ciwonta ba. In ya shigo ɗaki ba ya zama, tsayawa yake a bakin ƙofa ya ba ta labarin inda aka kwana a maganar takarda, ya rantse sai ya ga bayan Ba-Birki, ya juya ya fita.

Ana cikin haka, wata safiya ina bakin keke sai na hango Ba-Birki ya shigo shagon ta ƙofar baya. Ya zauna a kujera mai tayoyi, hularsa a hannu, ga ledar lemo a cinyarsa. Duk mai ido zai gane ba aski ya kawo shi ba. Ya buɗe baki ya ce, "Baba, na zo ne in…" Iyakar abin da ya samu ya faɗa ke nan.

Ku tsaya ku ji inda takaicin yake. Kujerar nan tayoyi gare ta. Mutumin yana zaune a bakin layi, Sajan kuma yana kan titi yana sayen jarida. Da mijin Yaya ya miƙa hannu ya jawo kujerar kaɗan, da Ba-Birki ya tsinci kansa a Nan, Sajan ya shigo ya ɗauke shi cikin ruwan sanyi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cin abinci da layin nan, ranar da layin zai yi masa rana sai ya manta da shi. Ya zari ƙarfen da yake tokare ƙofa, ya tsallaka da ƙafafunsa biyu, ya sauke shi a kafaɗar direban, ya ƙara masa a kunne. Lemo ya watse, wani ya gangara Nan, wani ya tsaya Tsallake. Sai da ya ga mutum a ƙasa hankalinsa ya dawo, ya daka tsalle ya koma bayan layi. Ƙashin kafaɗar Ba-Birki ya karye, kunnensa ɗaya ya daina ji, kuma a ƙasar Tsallake aka yi, a gaban mutane cike da benci.

Washegari Kofur na Tsallake ya shigo ta ƙofar baya da jaridarsa. Ya ɗaga kujera mai tayoyi ya kakkaɓe ta, ya zauna, ya kunna fanka.

"Ba sauri nake ba, maigida," ya ce. "Ka yi aikinka. Duk ranar da ɗan yatsanka ya taɓa wannan gefen, sai mu tafi tare."

Haka mijin Yaya ya zama ɗan gudun hijira a rabin shagonsa. Kuma duk abin arzikin da ke shagon a Tsallake yake: famfo, da babban madubi, da fanka, da soket ɗin da wutarsa ba ta ɗaukewa. Ya koma ɗibar ruwa a bokiti daga shagona. Ya ɗaura ƙugiya a bakin gora yana jawo tawul da ita. Masu gudun laifi suka daina zuwa, don ba wanda zai faɗo a guje ya tarar da ɗan sanda a kujerar tsira. Kofur kuwa ya ji daɗin wurin har ya yi ƙiba. In gashinsa ya taru sai ya juya kujerar, ya kwantar da kai ta saman layi, mijin Yaya ya aske shi daga Nan yana ƙanƙame yatsun ƙafa. Na ga wannan da idona, kuma na yi dariyar da sai da na riƙe ciki.

Wani zai yi laushi, shi kuwa sai ya ƙara kumbura. Ya gano cewa duk matsalar duniya layin nan ne. Da ya ji a rediyo cewa majalisun jihohin biyu suna duba wata doka da za ta ba 'yan sanda ikon tsallakawa su kamo duk wanda ya yi laifi a ƙasarsu ya gudu, sai ya ɗauki abin kamar shi aka aiko wa. Mutumin da ya yi shekaru yana yi wa Sajan dariya shi ne yanzu yake tare mutane a titi yana tambayarsu, don Allah a wace ƙasa ake yin haka, mutum ya yi ɓarna ya tsallake fenti ya zauna lafiya.

Na shiga shagon na same shi.

"Mijin Yaya, dokar nan fa in ta buɗe ƙofa, ba Sajan kaɗai zai bi ta ciki ba. Ga Kofur nan yana jin ka."

Kofur ya ɗaga jarida ya rufe fuska, amma kafaɗunsa suna rawa.

"Tela, ki tsaya a kan zare da allura," ya ce. "Ni ramuwa na yi. Ramuwa daban, laifi daban. Duk wanda ya san doka ya san wannan."

Ɗan majalisarmu, wanda rabonmu da ganinsa tun lokacin zaɓe, ya ji labarin wani mai aski da aka karya wa mata ƙafa, ya aiko mota aka ɗauke shi zuwa zaman jin ra'ayin jama'a. Ni na ɗinka masa rigar da ya sa, har yau ina jin haushin kyan da ta yi. Da zai fita ya ga yana bukatar abin nunawa, sai ya ɗauki sandar Yaya daga jikin bango ya tafi da ita. Ran nan da rarrafe Yaya ta je banɗaki kafin in shigo in tarar. Da yamma muka gan shi a talabijin, ya ɗaga sandar sama yana cewa "ƙafar matata, ƙafar matata," 'yan majalisa suna girgiza kai, wani har da share ido. Ya dawo ana ce masa Uban Doka. Na so in yi masa tas, Yaya ta riƙe mini hannu ta ce in bar shi, ya gaji.

Doka ta daɗe tana yawo tsakanin majalisun biyu, amma daga ƙarshe gwamnoni suka sa hannu. Ranar da ta fara aiki mijin Yaya ya sayo farin fenti, ya gayyaci unguwa, ya ce da hannunsa ya ja layin, da hannunsa zai shafe shi. Sajan ya sa sabon kaki ya haye gada ana tafa masa, ya nufi tasha. Mijin Yaya ya durƙusa ya bi jan layin da buroshi tun daga wannan bango har wancan, ya miƙe yana murmushi, ya ce yau dai kowa ya ga ƙarshen rashin gaskiya.

Kofur ya ninke jaridarsa, ya kashe fanka. Ya tako a hankali, takalminsa ya bar sawu a ɗanyen fentin.

"To, maigida, ka gama? Mu je."

Aka yi kiciɓis a kan gada. Sajan na tahowa da Ba-Birki, Kofur na tafiya da mijin Yaya, farin fenti har gwiwar hannunsa. 'Yan sandan biyu suka sara wa juna. Aka ce mijin Yaya yana ta faɗa wa Kofur cewa bai fahimci dokar ba, shi ne fa ya kawo ta.

Kotun Nan ba ta ɓata lokaci ba. Ba-Birki ya amsa laifinsa, ya ce tsoro ne ya hana shi tsayawa. Alƙali ya ce hatsari ne da gudu, ya ci shi tara, ya ɗora masa kuɗin asibiti, ya hana shi tuƙi na wani ɗan lokaci, ya sallame shi. Kotun Tsallake kuwa ta ce ɗaukar ƙarfe a sauke a kan mutumin da ke zaune da hula a hannu ba hatsari ba ne. Mijin Yaya ya ƙi lauya, ya ce shi zai kare kansa, ya yi wa alƙali dogon bayani a kan bambancin ramuwa da laifi. Ina ganin bayanin ne ya ƙara masa wata shekarar. Aka kai shi babban gidan yari na Tsallake, tafiyar wuni guda zuwa da dawowa.

Yaya ta ce duk mako sai ta kai masa abinci. Na ce da wace ƙafar? Ta ce da wadda ta rage. Mota ɗaya ce ke bin wannan hanyar daga garinmu, kuma da wa'adin hana tuƙin ya cika, mai motar, wato Ba-Birki, ya koma bakin aikinsa. Na rantse ba zan shiga ba. Yaya ta yi ta zuwa ita kaɗai, har kunya ta kama ni na bi ta.

A tasha na ga abin da ban so gani ba. Ba-Birki na hango ta ya sauko, ya karɓi kwanukan, ya buɗe mata gidan gaba. Ya ciro wani ɗan ƙaramin benci daga ƙarƙashin kujera ya ajiye mata ta taka. "Mama, yaya ƙafar yau? Sanyin nan bai taɓa ta ba?" Yana karkato lafiyayyen kunnensa don ya ji amsa. A hanya duk ramin da ya gani sai ya rage gudu kamar mai ɗauke da ƙwai, fasinjoji suna tsaki yana yi kamar bai ji ba, ko da yake ta yiwu da gaske bai ji ɗin ba. Na yi tafiyar nan ina neman abin da zan zage shi da shi, ban samu ba, hakan ya ƙara mini haushi.

Mun tarar da mijin Yaya ya rame, amma bakin yana nan. Shi ke yi wa fursunoni aski, kuma har sun fara kawo masa shari'unsu yana duba musu. Ya zauna a bayan teburin ziyara, doguwar ragar waya a tsakaninmu, katako ya rufe daga ƙugu zuwa ƙasa. Ya yi mana bayanin ɗaukaka ƙara har abincin ya huce. Can sai ya tsaya.

"Wai wace mota kuke hawowa?"

Na sunkuyar da kai. Yaya ta ce, "Ta Ba-Birki."

Fuskarsa ta canza. Ya ɗaga murya har sai da mai gadi ya juyo ya dube mu.

"Mutumin da ya nakasa ki? Ke ko kunya ba ki ji? Na rasa shago, na je majalisa, na shiga talabijin, ga ni a nan cikin ɓarayi. Duk don wa na yi? Ba don ƙafar nan taki ba?"

Yaya ta gama ɗaure bakin ledar da ke hannunta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa ɗagawa ba.

"Malam, wacce ce daga ciki?"

"Wacce me?"

"Ƙafar. Ta hagu ce ko ta dama?"

Ya kai ido ƙasa, katako ya tare shi. Ya dube ni, na kau da kai. Na so ya sani, wallahi na so, don duk iya shegensa ina ƙaunar mutumin nan, a gidansa na girma.

"Ta hagu mana," ya ce.

Yaya ta jinjina kai. Ta tura masa kwanon ta ƙarƙashin waya, ta ce ya ci tun bai ƙara hucewa ba, mako mai zuwa za ta taho masa da sabulu da reza. Ta laluɓo sandarta, ta dafa teburin, ta miƙe a kan ƙafar hagun.

"Taso mu tafi, Auta," ta ce. "Yaron nan yana jiranmu a rana."